Zaɓen katin girafik in a Katsina za ka kunna kwamfutar

Duk wanda ya tashi haɗa kwamfutar gem a garin nan tambayar da yake fara yi kan katin girafik, wato abin da ke zana hoton da kake gani a allo, ita ce "giga nawa ne katin?", to wallahi wannan tambayar ta huɗu ce ko ta biyar, ba ta farko ba. Ta farko ita ce da wace wuta za ka kunna shi, ta biyu kuma a wane allo za ka kalla. Baturen da ke YouTube shina cewa sayi kaza bar kaza ba ƙarya yake ba, amma shi wutarshi ba ta ɗaukewa, ɗakinshi da sanyi, in kati ya lalace ya mayar kanti a ba shi wani. Kai kuma kana Ƙofar Ƙaura ko Layout ko can bayan Poly, watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, hunturu ya zo da ƙurarshi, wutar nepa sai an kawo, garanti kuwa sai dai alƙawarin mai shago. Lissafinku ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Mu fara da allon tunda shi ne ya fi sauƙi. Duba monitar da kake da ita ko talabijin ɗin da za ka jona. In 1080p ce, wato 1920 da 1080, ɗigon hoto miliyan 2 da ɗan kai katin zai riƙa zanawa a kowane firem, wato kowane hoto ɗaya cikin waɗanda ke wucewa a allo. 1440p kusan miliyan 3.7 ne, 4K kuma ya haura miliyan 8, ninki huɗu na 1080p kenan. Sannan akwai Hz, monita mai 60Hz firem 60 kawai take iya nuna maka a daƙiƙa ɗaya ko da katin shina fitar da 200, sauran duk ɓarnar wuta ce da zafi. Yawancinmu nan 1080p mai 60Hz ko 75Hz gare mu, ko kuma talabijin ɗin falo, to ka ga mai irin wanga allo ba shi da wani dalilin bin manyan kati irin RTX 4070 na kamfanin NVIDIA ko RX 7800 XT na kamfanin AMD sai in har shina da niyyar canza allon nan kusa. In kuɗin bai kai a yi duka biyun ba gara matsakaicin kati da monita mai 144Hz a kan babban kati da tsohuwar monitar ofis, bambancin da idonka zai gani ya fi yawa.

Sai gem ɗin da kake bugawa, ka faɗa ma kanka gaskiya a nan. In ƙwallo ce rayuwarka, FC ko eFootball, da GTA V da Fortnite jefi-jefi, waɗannan ba su da ci sosai, GTX 1660 Super ko RX 6600 sun wadatar har da saura. In kuma su Warzone ne da Cyberpunk 2077 da sabbin da ke fitowa yanzu to maganar ta canza, domin akwai gem ɗin da yanzu ko buɗewa ba sa yi in katinka ba shi da fasahar nan ta bin hasken wuta, wato ray tracing, da NVIDIA ta shigo da ita a 2018 da jerin RTX 20. Doom: The Dark Ages da ya fito a 2025 irinsu ne, mai GTX 1660 ko RX 580 sai dai ya kalla a wayar wani. AMD daga jerin RX 6000 suka fara sa tasu. Ba wai ina cewa ka sayi kati don ka kunna wannan hasken ba, a ƙananan kati in ka kunna shi gudun gem ɗin faɗuwa yake, amma dai ya kasance akwai shi a ciki saboda gaba.

To yanzu wuta, nan ne zan ɗan daɗe don nan ne mutanenmu ke cin kwakwa. Kowane kati akwai adadin wat ɗin da yake sha in ya ɗau aiki, kuma kamfani na rubuta shi ƙarara. RX 580 ɗin nan mai giga 8 da ya cika kasuwa, na 2017, wat 185 yake sha. RTX 3060 wat 170. RX 7600 wat 165. RX 6600 wat 132. GTX 1660 Super wat 125. RTX 4060 wat 115 kacal, kuma ya fi duk waɗancan tsofaffin gudu. RX 6700 XT kuwa 230 ne. Mai wutar da ba ta ɗaukewa wannan lambar ba ta dame shi ba, amma kai mai sola yi lissafin da kanka: batir mai 200Ah a kan bolt 12 a takarda wat 2400 ne na awa ɗaya, in irin mai ruwan nan ne kuma kana son ya yi ƙarko wajen rabi kawai za ka taɓa, 1200 kenan. Kwamfuta mai RX 580 da furosesa da monita in ta tashi wajen wat 300, awa 4 ka samu, kuma fa ba a sa fanka da ƙwan ɗaki da cajin wayoyin 'yan gida ba. Cire wat 70 ɗin nan da ke tsakanin RX 580 da 4060, ka koma 230, ka haura awa 5. Kullum fa. Ga shi duk wat ɗin da kati ya sha zafi yake komawa ya fito cikin ɗakin da kake zaune. Shi ya sa ni a ganina arhar RX 580 ba arha ba ce ga mai inbata, abin da ka rage wajen saye za ka biya shi a batir ko a man janareta.

Sannan fawa fak, wato akwatin wutar da ke cikin kwamfutar, shi ne abin da ake rainawa, mutum ya kashe dubban ɗaruruwa a kati sannan ya je ya ɗauko fawa fak marar suna wanda aka rubuta ma 650W a jiki amma in ka ɗaga shi ba nauyi kamar ba komai ciki. Irinsu in sun tashi mutuwa ba su tafiya su kaɗai. Nemi mai shaidar 80 Plus, wato tambarin da ke nuna ba shi ɓarnar wuta sosai, ko ta matakin Bronze ce ta isa, daga kamfanin da aka sani irin su Corsair, Seasonic, Cooler Master, EVGA ko MSI. NVIDIA da kanta 550W ta ce ma 3060 da 4060, AMD ta ce 450W ma RX 6600, to mai kyau na 550 zuwa 650 ya rufe maka duk matsakaitan katin nan. Ka duba wayoyinshi ma: ramin da ake soka katin a madabod, wato babban faifan da komai na kwamfutar ke jone a kai, wat 75 kaɗai yake bayarwa, waya mai baki 6 ta ƙara 75, mai baki 8 ta ƙara 150. In katinka mai baki 8 yake so kuma fawa fak ɗinka ba shi da ita, dan Allah kar ka yarda da 'yar wayar haɗin nan da ake jonawa daga ta hard disk, narkewa take. Canza fawa fak ɗin kawai.

Tsakanin bango da kwamfutar kuma a samu wani abu. Wutar da ake kawowa wani lokaci ta yi ƙasa wani lokaci ta zo da ƙarfi, ƙaramin janareta ma haka yake hawa da sauka musamman in an tada firij ko injin ruwa a kanshi. Sitabilaiza mai kyau ko UPS, in da hali wanda ke fitar da wuta mai santsi irin ta inbata mai kyau, domin wasu fawa fak na zamani in UPS ɗin mai arha ne da zarar an ɗauke wuta sai su mutu tare, ka ga ba a yi komai ba kenan. Kuma UPS ɗin ofis mai 650VA ba zai ɗauki kwamfutar gem tana tsakiyar aiki ba, nemi daga 1200VA zuwa sama.

Mu dawo kan gigar da kowa ke tambaya. Memorin kati wurin ajiya ne kawai, ba shi ne ƙarfin ba, ƙarfin na cikin guntun da ke tsakiyar katin. Akwai GT 730 mai giga 4 da ake ta sayar ma yara ana ce masu na gem ne, wannan kamar ka ɗaura bodin tirela ne a bayan Keke Napep, wuri akwai, mai ja ne babu. GT 710 da GT 730 na nuna hoto ne a ofis, kar ka kusance su. GT 1030 ma iri biyu ne, akwai mai memori irin GDDR5 akwai mai DDR4, suna ɗaya kwali kusan ɗaya amma na biyun wajen rabin gudun na farko yake. Amma in guntun mai ƙarfi ne to giga na da amfani sosai: 4 ta yi kaɗan yanzu, 6 ana lallaɓawa, 8 ita ce mafi ƙanƙantar da zan ce mutum ya saya in sabbin gem yake so a 1080p, kuma ita ma ta fara cika a wasu in ka ƙure setin. In ta cika za ka ga gem ɗin na tafiya lafiya sai ya ɗan ƙame, ko bango da fuskokin mutane su koma dishi-dishi. Mai son 1440p ya nemi 12 ko 16.

Sunayen ma da tarko. A NVIDIA lambobin farko zamani ne, biyun ƙarshe kuma matsayi, 3060 zamanin 30 ne matsayi na 60, to kar ka ɗauka duk lambar da ta fi girma ta fi ƙarfi, RTX 3050 bai kai RTX 2070 ba ko kusa duk da ya fi shi sabunta. Kuma suna ɗaya kan zo da kati biyu daban: GTX 1060 akwai mai giga 3 da mai 6 kuma ba memori kaɗai ya raba su ba, guntun mai 3 ɗin an rage shi. RTX 3060 na asali na 2021 giga 12 ne, daga baya suka fitar da mai 8 wanda aka matse ma hanyar memori, ya fi rauni. RTX 3050 akwai mai 8 akwai mai 6. RX 580 kuma akwai wanda ake rubuta ma 2048SP, don kasuwar Chaina aka yi shi, a gaskiya RX 570 ne da aka canza ma riga, kuma shi ne ya fi yawa a cikin masu arhar nan da ake odarsu ta intanet. Ka tambayi cikakken suna, ba "580 ne mai 8" kawai ba.

Shi kuma sunan Asus ko Gigabyte ko MSI ko Zotac ko Sapphire da ke jikin kwali, su masu haɗawa ne, guntun ciki ɗaya ne. Bambancin a fanka ne da ƙarfen sanyaya. A garinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, in ka samu mai fanka biyu da ƙarfe mai kauri ka ɗauke shi a kan mai fanka ɗaya, amma kar ka biya kuɗin da ya kusa na kati na gaba da shi saboda fitilu masu kala ko an rubuta OC, wato an ɗan ƙara mashi gudu.

NVIDIA ko AMD ko Intel? Ni dai ba ni da jam'iyya. AMD sukan fi ba da gudu a kan kuɗi ɗaya, RX 6600 har yau da wuya ka samu abin da ya kama ƙafarshi a farashinshi. NVIDIA suna da DLSS, wato katin ya zana hoton a ƙarami sannan ya faɗaɗa shi da wayo ka samu ƙarin firem, kuma ya fi FSR, wato irin wannan dabarar ta tsofaffin katin AMD, tsabta, sai dai FSR na aiki a kusan kowane kati. In bayan gem kana haɗa bidiyon biki ko na talla da Premiere ko DaVinci Resolve, ko kai ɗalibi ne a jami'ar UMYU ko Poly kana taɓa Blender, to NVIDIA ta fi kwanciyar hankali don manhajojin sun fi sabawa da ita. Intel sun shigo da Arc a 2022, kuma B580 ɗinsu na ƙarshen 2024 mai giga 12 da aka fitar a dala 249 kati ne mai kyau, amma shina buƙatar wani abu da ake kunnawa a BIOS, wato setin madabod, mai suna Resizable BAR wanda sai furosesar Intel ta zamani na 10 zuwa sama ko Ryzen 3000 zuwa sama, in tsohuwar kwamfuta gare ka manta da shi. Na baya-bayan nan, RTX 5060 da RX 9060 XT na 2025, in aljihu ya kai to madalla, 5060 an fitar da shi a dala 299 amma giga 8 ne, shi kuwa 9060 XT akwai mai 16. Farashin naira ban sa ba da gangan don dala ke juya shi, na yau ba na gobe ba ne.

Da yawa cikinmu ba daga tushe muke haɗawa ba, kwamfutar ofis ce ta beljiyom, Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, ake saya a soka mata kati. Dabara ce mai kyau amma buɗe murfin ka duba kafin ka je kasuwa. In siririyar nan ce dogon kati ba zai shiga ba sai gajere mai ƙaramin ƙarfen baya, kuma fawa fak ɗinsu ƙarami ne, sau da yawa bai kai 300W ba, ba shi da wayar kati, kuma bakinshi na musamman ne ba ka iya canza shi da na kasuwa kai tsaye. Abin da zai yi maka shi ne katin da ramin madabod kaɗai ke ciyar da shi, GTX 1650 ko RTX 3050 mai giga 6 wanda wat 70 yake sha, ko RX 6400. Shi RX 6400 da yayanshi RX 6500 XT layi 4 kawai suke amfani da shi na ramin, a tsohon madabod mai rami irin PCIe 3.0 gudunsu na raguwa, ga shi ba su iya naɗar bidiyon gem da kansu, ka san da wannan. Furosesar ma a duba, i5 na zamani na 3 ko na 4 in ka haɗa shi da 4060 katin zaman jira zai riƙa yi, ram kuma a kai ta giga 16, sanda biyu ba ɗaya ba. In kes ɗin babba ne ka sa tef ka auna tsawon wurin, ka gwada da tsawon katin da aka rubuta a shafin kamfani.

Sai na hannu, wanda gaskiya shi yawancinmu za mu saya. A watan Satumba na 2022 kuɗin kirifto na Ethereum ya daina haƙuwa da katin girafik, sai masu haƙar kirifto suka juye kayansu kasuwa, RX 570 da 580 da 1660 Super da jerin RTX 30 da RX 6000 duk sun sha wannan aikin, dare da rana ba hutu. Ba duka ne suka lalace ba, wasu ma lafiyarsu ƙalau, amma fankarsu ta gaji, man da ke tsakanin guntu da ƙarfe ya bushe, wasu kuma an canza masu BIOS. Jerin RTX 40 bayan wannan lokacin ya fito, to shi da sauƙi ta wannan ɓangaren. Ga kuma na jabu, an fi yi da GTX 1050 Ti, a ɗauko tsohon GTS 450 na 2010 a canza mashi suna har Windows ta yarda. In ka ga 1050 Ti da ramin VGA ɗin nan mai shuɗi a bayanshi ka ajiye ka yi gaba. Su GTX na jerin 10 gaba ɗaya ma NVIDIA ta daina yi masu direban sabbin gem, wato manhajar da ke sarrafa katin, tun ƙarshen 2025, sai in kyauta aka ba ka ko kusa da kyauta.

Kar ka biya sai an soka an kunna a gabanka. Tafi da filashinka da manhajojin GPU-Z da FurMark a ciki, duka kyauta ne. GPU-Z zai nuna maka sunan guntun na gaskiya da irin memorin da yawansa, in na jabu ne sau da yawa shina rubutawa ɓaro-ɓaro a gefen sunan. Sannan ka saki FurMark, wanda ke ƙure katin da aiki, ya yi minti 15 zuwa 20, mai shago zai fara cewa "haba yallaɓai ai ka gani shina yi", ka ce mashi "yi haƙuri Alhaji, bari ya ɗan yi zafi tukuna", domin kati mai ciwo sai ya yi zafi yake nuna hali. Idonka a kan zafin, in ya zauna a 70 da wani abu lafiya lau, in ya wuce 85 shina ta hawa to akwai magana. Duba allon ko akwai ɗige-ɗige masu kala ko layuka ko ya ɗauke ya dawo, wannan memori ne ke mutuwa kuma ba gyaran da zai kama ka da arha. Saurari fanka ko tana ƙara, gwada kowane rami na HDMI da DisplayPort ɗaya bayan ɗaya, juya bayan katin ka ga ko jikin katin ya yi jawur ko akwai alamar an gasa shi da abin hura zafi na masu gyaran waya. In akwai gem a kwamfutar a buga shi ma. Ka nemi rasit mai lambar jikin katin da alƙawarin kwana 7 ko sati 2 a rubuce.

In ba ka samu abin da kake so a shagunan cikin gari ba, Kano ba nisa, ka shiga mota da safe ka zaga Beirut Road da Farm Centre ka dawo da yamma, kuɗin motar bai kai asarar kati ba. In kuma daga Computer Village ta Ikeja ko Abuja za a yi maka webil, ka sa a ɗauko maka bidiyo katin na aiki da GPU-Z a buɗe da takarda mai sunanka da kwanan wata a gefe, a nuna lambar jikinshi, in ya iso ka gwada lambar. Ya fi kyau a samu wani naka a can ya je ya gani da ido.

Bayan ya shigo gida, in da wani kati a kwamfutar a da, musamman in daga AMD za ka koma NVIDIA ko akasin haka, goge tsohon direba da manhajar DDU kafin ka sa sabo, kuma daga shafin kamfanin za ka sauke shi, shirya data don shina iya haura megabait 600. Ɗaga kwamfutar daga ƙasa ka ɗora kan tebur, kar ka kai ta lungu ko jikin labule, lokacin hunturu ka riƙa buɗewa kana hure ƙurar duk bayan 'yan makonni, ka riƙe fankar da yatsa lokacin da kake hurawa kar ta yi ta juyawa. A manhajar MSI Afterburner kana iya rage ma katin wuta zuwa kashi 80 cikin 100, firem kaɗan za ka rasa amma zafi da cin batir su sauka sosai, in monitarka 60Hz ce kuma ka kulle gem ɗin a 60. Wayar HDMI kuma a bayan katin ake soka ta, can ƙasa, ba a ramin madabod na sama ba, in ka ga sabon katinka na ba ka firem 15 a GTA fara duba nan kafin ka kira mai shago.